Sitikar da Ban Kashe Ba

Na'ura ba ta ƙarya, ba ta son kai, ba ta da ɗan'uwa a gwamnati. Saboda haka ranar da aka miƙa mata shari'ar duniya, ranar zalunci zai ƙare.

Maganar Manajanmu ce. Duk Litinin da safe yake faɗinta, yana tsaye tsakanin ginshiƙai biyun nan na ƙofar kanti, hannu ɗaya a kan kowanne, kamar uban da ya kawo tagwayensa makaranta. Shekara tara ina jin ta. Na haddace ta, har na taɓa faɗa wa wani namiji ita a waya a matsayin tawa, ya yi shiru, sannan ya ce ina da zurfin tunani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata talatin da shida, ina da digiri a ilimin zamantakewa, aikina kuma kashe sitika a kantin sayar da tufafi. A wurin aiki sunana Kanta Ɗaya. A gida sunana "har yanzu".

Bari in yi muku bayanin ƙofar, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane abin da ya same ni ranar Laraba ba. Mai gyaran da ke zuwa duk wata uku ne ya koya mini, yana cin biskit ɗina. Ginshiƙi ɗaya kira yake yi, ɗayan yana saurare. Kiran ba ya shiga kunnen mutum, amma ba ya tsayawa tun daga buɗe kanti har rufewa. Sitikar da muke manna wa kaya kuwa, in kun ɗaga ta ga haske za ku ga siririyar waya a cikinta, a nannaɗe kamar maganin sauro. An yi wayar ne don ta amsa wannan kiran kaɗai. Da zarar ta shiga tsakanin ginshiƙan sai ta amsa, mai saurare ya ji, ya kwarma ihu. Ba ta san wanda ke riƙe da ita ba. Ba ta ma san shigowa ake yi ko fita ba. An kira, ta amsa, shi ke nan.

Da ya gama bayanin na ce masa ai na san tsarin, a cikinsa na girma. Umma ta kira, Gwaggo ta saurara, ni in amsa, unguwa ta ji.

A ƙarƙashin kantata akwai wani faranti. In an biya kaya sai in goga su a kansa. Shi kuma sai ya aika wa sitikar kira mai ƙarfin da ya fi ƙarfinta, wani ɗan wuri a cikinta ya ƙone, ta kurmance. Daga nan ko ginshiƙan sun kwana suna kira ba za ta amsa ba. Sai dai mai gyara ya ce jefi-jefi, in an lanƙwasa ta an murza, ƙunar takan buɗe, matacciyar sitika ta farfaɗo ta ci gaba da amsawa. Mu ma'aikata muna ce wa irin wannan fatalwa. Manaja bai yarda da fatalwa ba. Ya ce ragwaye ne suka ƙirƙiro ta.

Manyan kaya kuma ba sitika ake sa musu ba, wata ƙatuwar roba ce mai allura da muke kira kaska, don in ta kama riga sai da maganaɗisu take saki. Masu sa kaska a sito suke yini, a tsaye, allura na cin yatsunsu. A duk kantin nan kujera uku ce: ta Manaja, ta Kanta Biyu, da tawa. Dokar kuma a rubuce take a bayan ƙofar bayi: duk mai kanta da ta bar sitika da rai sau uku, har ƙofa ta yi wa mai sayayya ihu, ta bar kujera ta koma sito. A shekara tara na yi biyu. Jijiyoyin ƙafata sun fito kamar taswira, likita ya ce in rage tsayuwa, na ce masa to, kamar yadda ake ce wa likita.

To, sai Na Huɗu.

Haka na adana shi a waya, don shi ne na huɗu da Gwaggo ta kawo. Na Ɗaya ya tambaye ni ko zan iya barin aiki, kafin ya tambaya ko ina shan shayi da madara. Na Biyu ya yi wata biyu yana turo mini hotunan motar abokinsa. Na Uku, ma'aikacin banki, mutumin kirki ne, matarsa ma ta faɗa mini haka da ta kira ni. Na Huɗu mai awon filaye ne, shekara arba'in da huɗu, bai taɓa aure ba, yana zaune da mahaifiyarsa. Ba shi da kyau, ba shi da muni, kamar katangar ofis. Amma kullum da yamma, ƙarfe biyar da wani abu, saƙonsa ɗaya ne: "Yaya ƙafa?" Jama'a, kada ku yi mini dariya. Akwai shekarun da mace ke son a ce idonta kamar wata. Ni na wuce nan. Wanda ya tuna ina da ƙafa ya gama da ni.

Kuma yana son jin labarin aikina. Ba wanda ya taɓa so. Yakan tambaya: in ƙofa ta yi ihu wa ke zuwa, ina ake kai mutum, a gaban jama'a ake buɗe jaka ko a ɓoye? Wata rana ya ce, "In tsohuwa ce fa?" A nan ne na gyara murya na ba shi maganar Manaja ɗungurungum, har na ƙara da tawa, na ce na'ura ba ta san tsohuwa ba. A nan ne ya yi shirun nan.

Ranar Talata da yamma saƙo ya shigo, ba na ƙafa ba.

"Gobe zan kawo Hajiya ta gan ki a wurin aiki, in ba damuwa. Ba ta son zaman falo. Ta ce a falo kowa mutumin kirki ne."

Kuskurena shi ne na karanta shi a kusa da Umma. Ba ta iya karatu ba tabarau, amma tana karanta fuskata daga ɗaki zuwa ɗaki.

Da safe na tarar ta goge rigar aikina sau biyu, mai ruwan tokar nan da aka ɗinka don kada kowa ya yi sha'awar mai sanye da ita. Ta jingina wayarta da gwangwanin madara, Gwaggo na ciki a lasifika.

"Ta sa jan-baki?" in ji Gwaggo.

"Ba ta sa ba, Yaya."

"To ta sa. Kaɗan. Kada ta yi kama da mai neman miji."

"Gwaggo, ai shi nake nema," na ce.

"Kin ji ta ko? Wannan bakin ne ya kori na banki."

"Matarsa ce ta kore shi, Gwaggo."

"In Hajiya ta yi magana ki sunkuyar da kai. Kada ki kawo mata digiri. Kuma ki miƙe tsaye in ta zo, kada ta tarar da ke a zaune kamar mai kantin."

Umma ta ɗauko takalminta mai ɗan tudu, na fita unguwa, ta ajiye a gabana. Na ce ƙafata ba za ta ɗauka ba. Ta ce yini ɗaya ne. Sannan ta kama gefen mayafina tana gyarawa, ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, yadda Gwaggo ba za ta ji ba, "Ni dai na gaji da amsa tambaya, 'yar nan. Ke ma na san kin gaji."

Na sa takalmin.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata suka zo. Na ga motarsa ta gilashi, ya tsaya a tsallaken titi. Ya fito, ya buɗe mata ƙofa, ya riƙo ta har bakin kanti, sannan ya koma mota. Saƙo ya shigo: "Ba wurin ajiye mota. Ina nan." Akwai wuri. Ina ganin wurare uku daga kujerata.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tsaf da ita, farin tabarau, jaka ruwan ƙasa a maƙale a hammata. Ta gaida Baba Soja, mai gadin ƙofarmu, ta tambaye shi iyali. Ba ta nufo ni kai tsaye ba. Ta zaga wajen mayafai, ta taɓa wannan ta taɓa wancan, ta bi ta ɓangaren kayan yara, ta ɗan jima a can, sannan ta fito da mayafi ɗaya shuɗi a hannu. Kanta Biyu, wadda muke kira Rediyo, ta miƙo wuya ta ce, "Ita ce? Wallahi ta fi ɗan nata kyau."

Na miƙe, kamar yadda aka umarta.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina kwana?"

"Ke ce?"

"Ni ce, Hajiya."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta leƙo ta kan kanta ta ga takalmin.

"Wannan ba naki ba ne."

"Na Umma ne."

"Cire shi in na tafi. Wanda zai aure ki don takalmi, takalmin zai aura." Ta ajiye mayafin. "Yaya sunanki?"

Na faɗa mata. Ta maimaita, ta ce suna mai kyau, sunan ƙanwarta ne. Ta tambaye ni ko na karya, na ce eh. Ta tambayi shekarata nawa a nan, na ce tara, ta ce mai haƙuri ce ke ko marar wurin zuwa? Na ce duka biyun, Hajiya. Ta yi dariya har tabarau ya zame. A raina na ce, shi ke nan, ko ɗan bai yi ba ina son uwar.

Na karɓi katinta, na cire kuɗin mayafin. Na goga shi a kan faranti. Na sake gogawa. Ban taɓa kashe sitika da irin wannan ladabin ba. Na ninke, na sa a leda, na haɗa da rasit, na miƙa da hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Yaya ma sunanki?"

Na sake faɗa. Ta ce suna mai kyau, sunan ƙanwarta ne.

Na bi ta da kallo tana tafiya. Ta ɗaga wa Baba Soja hannu. Ta sa ƙafa tsakanin ginshiƙan.

Kun san ƙarar. Duk wanda ya taɓa shiga kanti ya san ta. Amma ba ku san yadda take a kunnen wadda ta kashe sitika sau biyu ba. Jar fitila ta hau juyawa. Mata uku da ke layi suka juya gaba ɗaya, ɗaya har ta gyara riƙon wayarta. Hajiya ta tsaya cak a tsakiya, tana waige-waige, ƙofar kuma tana ta yi, tunda ba ta san a daina ba sai an matsa.

Baba Soja ya ce, "Hajiya, ɗan dawo baya kaɗan. Ba komai, takan yi haka."

Sai ga Manaja. Ba abin da ke fito da shi daga ofis da sauri kamar wannan ƙarar. Fuskarsa har haske take yi, kamar wanda ɗansa ya ci gasa.

"Hajiya, a yi haƙuri, ƙa'ida ce. Ba mu ne muke zargi ba, na'ura ce ta yi magana. Kanta Ɗaya, ke kika sallame ta? To kai ta ciki."

Ɗakin bincike ɗan ƙurƙutu ne a bayan wurin gwada kaya. Tebur ɗaya, madubi ɗaya, ba kujera, ba kyamara saboda mata. Mace ce ke bincikar mace, Manaja yana jira a bakin ƙofa. Na rufe. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, zan duba jakar."

"Duba mana, 'yata. Me ya faru ne? Gobara ce?"

Na buɗe. Carbi, ƙaramin madubi, maganin hawan jini, alewa biyu, katin da aka rubuta lambar waya da manyan baƙaƙe, lambar da na sani. A ƙasa kuma safar jariri, fara mai ɗigon rawaya, a jikin kwalinta, da sitikarmu a manne a baya, lafiyarta ƙalau.

Na shekara tara ina fito da abubuwa daga jakunkuna. Na ga mai kuka, na ga mai zagi, na ga mai rantsuwa da kabarin uwarta alhali uwar na jiranta a mota. Ban taɓa ganin wadda ta yi murna ba. Hajiya ta ga safar, fuskarta ta washe.

"Yauwa, ga ta. Ta yarona ce. Ƙafarsa sanyi take yi, ko an rufe shi sai ya tutture zanen. Babansa ya ce in daina damuwa, amma shi ba shi ke tashi ba."

"Wane yaron, Hajiya?"

Ta faɗi sunansa. Sunan Na Huɗu. Mai awon filaye, mai furfura a gemu, wanda ke zaune a tsallaken titi a motar da ya ce ba wurin ajiye ta.

"Wata bakwai ya yi jiya," ta ce. "Har ya fara zama."

Manaja ya ƙwanƙwasa. "Kanta Ɗaya, yaya?"

"Ina zuwa, ranka ya daɗe."

Zan so in ce muku na yi dogon tunani, na auna, na tuna abin da aka koya mana a jami'a game da mutunci. Ban yi ba. Ƙafata ce ke ciwo, kuma na san abin da ke biyo baya in na fito da safar nan: hoto a ofis, takarda, kiran ɗan'uwa, matan layi uku da wayoyinsu. Farcena ne ya yi aikin. Na ɓanɓare sitikar safar a hankali don kada wayar ta yanke. Na ɓare matacciyar da ke jikin mayafin, na murƙushe ta, na manna mai ran a gurbinta. Safar na tura ta aljihun rigata.

Hajiya ta riƙe hannuna. "Ina za ki kai masa?"

"Sai an naɗe ta a takarda, Hajiya. Ni zan kawo masa da kaina."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Na buɗe ƙofa. Na ce, "Ba komai a jakar, ranka ya daɗe. Mayafin ne." Ya karɓa, ya je da kansa ya wuce da shi tsakanin ginshiƙan, suka yi masa ihu, ya gyaɗa kai kamar sun ba shi amsar da ya sani.

"Ga rasit ɗinta," na ce. "Na goga shi sau biyu, Rediyo ta gani. Ina jin fatalwa ce."

Ina da digiri, na ce muku. Na samo hanyar da ba mai laifi: ba tsohuwa, ba ni, sai 'yar waya da ta farfaɗo. Rediyo ma ta ce, "Wallahi ta goga, Oga, har na ce ko wanke shi take yi."

Manaja ya yi murmushin da yake yi wa masu neman hutu.

"Babu fatalwa a kantina. Na'ura ba ta kuskure. Abu biyu ne: ko baiwar Allah nan ta ɗauki abin da ba ta biya ba, mu sake dubawa da kyau, ko ke ba ki kashe ba. Wanne ne?"

Abin haushin, jama'a, shi ne gaskiyarsa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. An kira, an amsa. Ni ce mai ƙaryar, ina tsaye a takalmin uwata da safar jariri a aljihu.

"Ni ce ban kashe ba."

"Na nawa ke nan?"

"Na uku."

"To kin san dokar. Ba ni na rubuta ta don kaina ba."

Shi ya rubuta ta. Da hannunsa, da jan biro.

Daga nan ya koma kan Hajiya da ban haƙuri. Ya goga mayafin a faranti da kansa, ya riƙe mata jaka, ya raka ta har waje yana cewa ma'aikatan zamani sai addu'a. Ƙofar ta yi tsit. A bakin titi na ji tana ce masa, "Yarinyar nan ku riƙa ba ta abinci, ta rame." Na Huɗu ya fito daga mota da sauri, ya karɓe ta. Bai dubi kanti ba.

Kafin azahar an ba wata sabuwa kujerata. Ta tambaye ni yadda ake ɗaga ta sama, na nuna mata.

Sito ba taga. Kwali ne har rufi, da dogon tebur, da buhun kaska. Ka ɗauki riga, ka nemi ɗinki, ka soka allura, ka danna har ta ce ƙas. Ka ɗauki wata. Na cire takalmin Umma na tsaya a kan kwali da safata. Baba Soja ya leƙo lokacin hutunsa, ya ajiye mini ruwa, ya ce, "Shekarata goma sha ɗaya a ƙofar nan, 'yata. Na san ƙarar mayafi, na san wadda ba ta mayafi ba." Na ce ban gane ba, Baba. Ya ce shi ma bai gane ba, ya tafi.

Waya ta yi ta motsi a aljihu, kusa da safar. Umma: "Ya ake ciki?" Umma kuma: "Ta zo?" Gwaggo ta turo murya ta minti huɗu da sakan goma, ban buɗe ba, na san ta. Sai wajen ƙarfe biyu nasa ya shigo.

"Na ji ƙarar daga mota."

Na bar shi a buɗe, na sa wa riguna uku kaska. Wani ya shigo.

"Me ta ɗauka wannan karon?"

Wannan karon. Na karanta kalmomin nan biyu har suka daina kama da Hausa. Ashe tambayoyin nan duka, wa ke zuwa, ina ake kai mutum, a ɓoye ko a fili, ba sha'awar aikina ba ce. Awo yake yi. Sana'arsa ce ai. Ya auna ni tsawo da faɗi, ya kafa duwatsu, sannan ya kawo uwarsa ya ajiye a ƙofa ya koma mota ya ga ko filin zai ɗauki gini.

Yana ta rubutu, yana gogewa. Ina ganin ɗigon nan uku suna rawa.

"Shekara biyu ke nan da abin ya fara. Kullum kayan jarirai. Wasu ranakun lafiya lau take, kin gani da idonki."

"Na so in gaya miki. Mata biyu na gaya wa tun farko, ba su sake ɗaga wayata ba."

"Da kika ce na'ura ba ta san tsohuwa ba, na ce to, ke ma kin tafi. Amma na kasa daina turo saƙo."

"Ban kyauta ba. Na zauna a mota kamar matsoraci, don matsoracin ne. Yau ce rana ta farko da ƙofa ta yi mata ihu ba a kira ni ciki ba. Me kika ce musu?"

Allura ta soke ni a babban yatsa, na tsotse.

To ku gaya mini, ku da kuke cika mini akwati da shawara duk mako. Mutumin nan mata yake nema, ko ginshiƙi? Wadda za ta tsaya a ƙofar gidansa tana saurare, ta san hannun da ya shiga jaka, ta san yadda ake rufe magana ba a ji ba? Don in ginshiƙi ne, ya iya zaɓe, ba ƙarya. Shekara tara na horo, ga digiri a kai. In kuma mata ce, wace irin soyayya ce ke fara wa mace da jarrabawar da ba a gaya mata ba, ta ci, a ba ta sito? Na juya abin ta kowane gefe. Mafi munin gefen shi ne wanda na gane cewa ko da ya gaya mini tun jiya, abin da farcena ya yi shi zai yi.

Ƙarfe huɗu saura kwata wani ya shigo.

"Ta ƙi cin abinci. Ta manta kantin, ta manta mayafin, ta ce ba nata ba ne. Amma ta ce akwai yarinyar da ta yi mata alkawari. Ban san na mene ne ba. Mun dawo, muna tsallaken titi. In ba ki fito wajenmu ba, na fahimta."

Sannan, bayan minti ɗaya: "Yaya ƙafa?"

Na tashi aiki ƙarfe huɗu. Na sa takalmin Umma, don ba ni da wani. Safar da ke aljihuna ba ta da sitika yanzu, kurma ce, ko na wuce da ita sau goma ginshiƙan ba za su ce uffan ba. Na san haka fiye da kowa a ginin nan. Na bi layin Kanta Biyu, bayan wata mata mai tawul uku, na jira.

Rediyo ta ɗaga safar, ta dube ni, ta dubi cikina.

"Ke! Ko mijin ba a samu ba, har an fara sayayya?"

"Ta ɗan wata ce."

"Ɗan wa?"

"Wata bakwai gare shi. Har ya fara zama. Naɗe mini a takarda."

Ta juya kwalin, ta ga gurbin sitikar, ɗan murabba'i mai danƙo. Ta goga safar a faranti duk da ba abin kashewa, ta naɗe, ta karɓi katina, ta miƙo mini rasit.

Na zo tsakanin ginshiƙan na tsaya, na ɗan daɗe fiye da yadda ya kamata. Ɗaya yana kira, ɗaya yana saurare. Ba abin da ya amsa a jikina.

"Wuce mana, 'yata," in ji Baba Soja. "Ba ta da abin cewa a kanki."

A tsallaken titi motar na nan. Yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, kansa a ƙasa. Hajiya na gaba, ta sauke gilashi. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, sannan idonta ya sauka kan ƙunshin takardar da ke hannuna, ta fara murmushi. Tashar motar gidanmu tana hannun hagu. Wayata ta sake motsi, Umma ce.

Na tsaya a bakin titi ina jiran motoci su rage.